Dogo ko Gajere

Yaya ya ture kwalaben maganin Mama gefe, ya shimfiɗa tsohon tawul a kan tebur, ya jera idanun kyamara guda biyu a kai, gilasan nan da ake ɗaura mata a baki.

"Auta, zo ki zaɓa," ya ce. "Jibi zan tafi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya."

Auta ta ajiye kwanon da take gogewa ta matso. Ta san su duka biyun. Ɗaya baƙi ne mai nauyi, tsawonsa ya kusa na kwalbar ruwan zafi, shi ake kira Dogo a gidan. Ɗayan kuwa ɗan dunƙule ne, tafin hannu yana rufe shi, sunansa Gajere. Yaya ya bar sana'ar ɗaukar hoton biki, ya samu aiki a wani kamfanin motoci a gari mai nisa. Kyamarar ya bar wa Auta. Idanun ne ba nasa shi kaɗai ba, tare suka mallake su da abokin sana'arsa, sun yi magana kowa zai riƙe ɗaya.

"Wane zaɓe kuma?" in ji Mama daga kan gado. Tun da ɓarin jikinta ya shanye harshenta ya yi nauyi, amma bai dakushe ba. "A ba ta Dogo. Wancan guntun kai da shi kuka yi kama, tafi da abinka."

"Mama, ni ne guntu?"

"Ubanka ma da kujera yake sauko da kaya daga kan kabad."

Yaya ya yi dariya har da dukan cinya. Auta ta yi murmushi kawai, idonta a kan tawul.

Gidan nasu ɗaki biyu ne a saman bene, taga ɗaya ce ke kallon babban titi, ita ma da sandunan ƙarfe. Auta ta bar makaranta shekarar da Mama ta faɗi, daga nan duniyarta ta zama gado, kicin, banɗaki da wannan taga. Ita ke juya Mama kada kwanciya ta ci mata baya, ita ke sa mata fo, ita ke ba ta shayi da cokali. Ba wanda ya taɓa kulle ta. Kunya ce da ita tun tana ƙarama, irin wadda idan baƙo ya gaishe ta sai muryarta ta maƙale a maƙogwaro, don haka da cefane ya zama aikin Yaya ba ta yi gardama ba, kuma ba wanda ya lura lokacin da takalmin fitarta ya koma ƙarƙashin gado ya zauna.

Ranar da Yaya ya koya mata riƙe kyamara, Dogo ya ɗaura mata. Ta kafa bakinsa tsakanin sanduna biyu ta leƙa, sai ga titi ya hau bene ya same ta. Ga gumin da ke wuyan mai tura kura, ga zaren da ya zare a hular ɗan sanda. Tun daga ranar, idan Mama ta yi barcin rana, Auta na taga tana ƙyasta hotuna. Da yamma kuma ta hau gefen gado, ta riƙe kyamarar daidai idon Mama mai lafiya, su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya a ɗan gilashin baya.

Mama ta raɗa wa kowa suna, ta ba kowa labari. Amma waɗanda suka fi ɗauke mata hankali su ne mai yankan makulli da mai lemo. A kowane hoto kafaɗarsa na gogar tata. Idan ya sunkuya kan injinsa sai ka ce raɗa yake mata a kunne.

"Dubi munafuki," Mama kan ce. "Yau ma ya kasa furtawa. Namiji har namiji, sai zuciyar kaza."

Da haka suke cinye yamma, wani lokaci har Mama ta manta da ciwon kafaɗa.

Yanzu Yaya ya cire Dogo daga jikin kyamarar, ya murɗa Gajere har ya ce ƙas, ya miƙa mata.

"Kafin ki bi zancen Mama, gwada wannan. Ba a raina abin da ba a ɗanɗana ba."

Ta je taga ta leƙa, ta yi saurin janye fuska. Titin ya gudu can ƙasa, mutane sun koma kamar kiyashi. Abin da ya cika hoton shi ne sandunan ƙarfen, baƙaƙe, masu tsatsa, da gefen labule, da tsumman da ta shanya da safe.

"Yaya, ƙarfen ya shiga."

"Da ma yana nan ai. Dogo ne ke tsallake shi, ba ya ganin abin da ke kusa da hancinsa. Shi wannan ba ya janyo komai. Idan kina son fuskar mutum, ƙafarki ce za ta kai ki, har sai kin ji numfashinsa. Masu hoton titi na gaske da irinsa suke yawo."

"To ita ina za ta?" Mama ta ce. "Wa ya ce maka titi take nema?"

Yaya ya shiga bayanin shirin da ya yi musu. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu ta ƙofar da ke kallon tasu, za ta riƙa haɗa cefanensu da nata. Mai kantin magani zai riƙa aiko da magani har sama. Mai ruwa da mai gas duk ya yi magana da su.

"Kin ga ko matakala ba sai kin taka ba," ya ce, yana jin daɗin kansa. "Komai zai same ki har ɗaki."

Auta ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Da gaske take, ta san don ita ya yi. Amma sai ta ji kamar an ƙara wa ɗakin rufi a ƙarƙashin rufi. Ta dubi ɗan dunƙulen da ke bakin kyamarar. A duk gidan nan shi kaɗai ne abin da ba ya aiki sai an sauka ƙasa.

Washegari da hantsi, bayan ta yi wa Mama wanka ta canza mata zane, Yaya ya rataya mata kyamarar a wuya.

"Sauka ki zagaya. Ina nan tare da ita."

"Yaya, ni kaɗai?"

"A'a, bari in kira miki 'yan rakiya da ganga. Wuce mana."

Ta jawo takalmin daga ƙarƙashin gado ta kaɗe ƙura. Ya ɗan matse ta. Mama ta bi ta da ido har ƙofa, ba ta ce a dawo lafiya ba.

Matakalar duhu gare ta, tana warin fenti da soyayyar albasa. Da ta tura ƙofar ƙasa, ƙara ce ta fara marin ta. Daga sama titi ba shi da murya sosai, gunji ne kawai kamar na injin nesa. A nan kuwa kowane abu da bakinsa: hon, birki, rediyon mai gyaran waya, wata mata tana zagin direban da ya fantsama mata ruwan kwata. Auta ta manne da bango, hannu biyu a kan kyamara.

Ta daɗe ba ta ɗaga ta ba. Da ta ɗaga, wani mai jaka ya kalle ta, ta yi maza ta sauke. Sai ta koma danna maɓalli daga daidai cikinta ba tare da ta leƙa ba. Ta ɗauki ƙafafu, ta ɗauki tayar keke, ta ɗauki rabin kare. Ta ce a ranta gara ta koma, Mama ta yi gaskiya. Amma kunyar hawa da wuri Yaya ya yi mata dariya ta fi kunyar titi, don haka ta bi bayan wasu mata ta tsallaka.

Ƙarar injin ce ta kai ta wurin mai yankan makulli. Ya fi yadda take zato tsufa, da auduga a toshe cikin kunnuwansa. Ta duba kafaɗarsa ta dama, inda mai lemo ke zama kullum. Babu kowa, sai turken fitila.

Ta waiga ta sake waigawa. Can gaba ta hango tulin lemo. Tsakaninsu akwai rumfar jiran mota, da bakin wani lungu, da shagon aski, da kwata mai faɗi da aka ɗora wa katako. Ta yi tafiya sosai kafin ta kai. Ashe daga tagarsu su biyun a layi ɗaya suke, ɗaya a bayan ɗaya, Dogo ne ke matse tazarar ya manna su.

Tana tsaye baki sake, mai lemo ta ɗago.

"'Yan mata, saye za ki yi ko gadin lemon aka ba ki?"

Auta ta ƙara ƙanƙame kyamarar.

"Au, mai hoto ce? To ɗauke ni mana. Shekara da shekaru ina nan ba wanda ya taɓa ɗauka ta sai rana." Ta gyara ɗaurin kai, ta ɗauki lemo ɗaya ta riƙe kusa da kunci. "Na yi kuwa?"

Auta ta ɗaga kyamarar ta leƙa. Matar ta yi ƙanƙanta a ciki. Ta matsa taku ɗaya. Ba ta isa ba. Ta ƙara.

"Matso, ƙanwata, ba na cizo. Haƙoran ma saura kaɗan."

Ta matsa har cinyarta ta taɓa teburin, har ƙamshin ɓawon lemo ya shiga hancinta. Matar ta fashe da dariya ganin yadda Auta ta kusa hawa teburin, a daidai nan yatsa ya danna. Da ta duba, ga matar ta cika hoton, baki buɗe, wuƙa a ɗaya hannun, bayanta titi gaba ɗaya yana tafiya. A ƙasan teburin kuma, cikin kwali, ga jaririya tana barci da ƙafa ɗaya a waje. Auta ta yi wata da watanni tana ɗaukar matar nan, ba ta taɓa sanin akwai kwalin ba.

"Kai! Wannan ni ce? Ashe haka nake da kyau ake ɓoye mini." Mai lemo ta ƙwala wa mai aski kira ya zo ya gani.

Auta ta tattaro murya. "Wancan... mai makullin. Kin san shi?"

"Wane? Mai injin da ke hana 'yata barci? Ko gaisuwa ba ta haɗa mu. Wani abu ya yi miki?"

Auta ta girgiza kai. Mai aski ya zo da almakashi a hannu, ya ce shi ma sai an ɗauke shi, amma a jira ya taje gemu. Wani mai jiran mota ya sa baki ya ce gemun ko an taje shi tsintsiya ce. Aka yi ta dariya, Auta na tsakiya, ba wanda ya damu da shirunta. Ta ɗauki mai aski, ta ɗauki mai tsokanarsa, ta durƙusa ta ɗauki ƙafar jaririyar. Mai lemo ta yanka mata ɗaya ta ce ta sha, kyauta ce. Ta tsaya a titi tana shan lemo, ruwan na bin hannunta.

Sai da ta ɗaga kai don neman tagarsu ta tuna da lokaci. Ta ma kasa gane ta da farko. Tagogi ne birjik, duk iri ɗaya, duk da ƙarfe. Tsumman da ta shanya ne ya nuna mata tasu, wani ɗan rami baƙi can sama. Inuwar ginin ta riga ta janye daga titi.

Da gudu ta hau matakalar. Ta tarar da Yaya a tsaye a bakin ƙofar ɗakin Mama, daga waje, yana sosa ƙeya.

"Ta kore ni," ya ce a hankali. "Na tambaye ta me take so, ta ce ba komai. Na sake tambaya ta ce in fita. Tun ɗazu ba ta yi magana ba."

Auta ta shiga ta rufe ƙofa. Wari ya gaya mata kafin ta ɗaga bargo. Mama ta juya fuska bango iyakar yadda wuyanta zai iya. Ta riƙe har ta gaji, ba ta iya ce wa ɗanta namiji ya sa mata fo ba.

Auta ta cire kyamarar ta ajiye. Ta ɗebo ruwan ɗumi, ta naɗe zanen gado daga gefe ɗaya, ta mirgina Mama, ta goge ta, ta goge ledar katifa, ta shimfiɗa sabo, ta shafa mata hoda a baya. Hannunta ya san aikin, ba ya buƙatar ta. Da Mama ta zage ta da ta fi jin sauƙi.

Sai da ta ɗauki bokiti za ta fita Mama ta ce, "Kina warin lemo."

Da yamma Auta ba ta kawo kyamarar ba. Mama ce ta ce, "Ina hotunan? Ko yau ba ni da rabo?"

Ta hau gefen gado ta riƙe mata. Suka wuce ƙafafu da tayar keke da rabin kare.

"Wannan karen ina sauransa?"

"Ya yi gaba, Mama."

Suka zo kan mai lemo. Mama ta daɗe tana kallo. Ta ce a matso mata da shi. Ta ga wuƙar, ta ga giɓin haƙoran, ta ga kwalin.

"'Ya gare ta?"

"Mace ce. Ba ta fara zama ba."

"Shi fa, mai makullin? Ina yake?"

Auta ta ce, "Yana can nesa. Ba su ma san juna ba."

Mama ta rufe idonta mai lafiya. "Kashe abin nan," ta ce. "Kaina na ciwo."

Ranar tafiya Yaya ya tashi da wuri, ya ɗaure jakunkunansa, ya durƙusa gaban gado Mama ta dafa kansa da hannun da ke motsi ta yi masa addu'a mai tsawo. Da ya miƙe ya share ido, ya dubi tebur. Dogo na kan tawul. Gajere na jikin kyamara tun shekaranjiya.

"To, Auta. Abokina na jira a tasha. Wanne zan kai masa?"

"Ciro guntun ka tafi da shi," Mama ta ce. "Jiya ba ta ishe ku ba?"

Yaya ya miƙa hannu zai ɗauki kyamarar. Auta ta riga shi. Ta rungume ta a ƙirji, idonta a ƙasa.

"Gajere," ta ce.

"Me kika ce?" in ji Yaya.

"Gajere nake so."

Mama ta juyo da idonta mai lafiya kanta.

"Ni kuma in kalli me?" Mama ta ce. Muryarta ba ta faɗa ba ce, ta tsoro ce, Auta ta fi kowa sanin bambancin. "Silin zan ta ƙirgawa? Ko so kike ki riƙa bari na cikin kazanta kina can kina shan lemo?"

"Ba zan daɗe ba, Mama. Zan riƙa sa miki fo kafin in fita."

"Cikin nawa da agogo yake aiki?"

Yaya ya sauke murya. "Auta, ki yi tunani. Jiya ina nan ma ga abin da ya faru. Gobe wa zai zauna da ita? Kada ki riƙe abin da zai zauna a kabad."

"Kai ka ce in gwada."

"Na ce ki gwada, ban ce..."

"Zan roƙi Maman 'Yan Biyu. Mace ce, Mama ba za ta ji kunyarta ba. Ko sau ɗaya a mako."

"Ke da ko gaisuwarta ba kya iya amsawa?" in ji Yaya.

"Zan roƙe ta."

"In ta ce a'a fa?"

Auta ba ta saki kyamarar ba. Hawaye na zuba a kan madaurin, ba ta share ba don kada ta saki hannu ɗaya.

Yaya ya dubi Mama, Mama ta dubi bango. Ya duba agogonsa, ya ja dogon numfashi. Sannan ya naɗe Dogo cikin tawul ɗin, ya cusa a jaka, ya ja zif.

"Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa," Mama ta ce wa bango.

Auta ta raka shi iyakar bakin matakala. Ƙofar Maman 'Yan Biyu a rufe take da kwaɗo, ta tafi aiki tun asuba, sai yamma. Yaya ya dafa kafaɗar Auta, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya ce ta riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi, ban da bakin zane. Ta ji takunsa yana sauka, ta ji ƙofar ƙasa ta buɗe ta rufe.

Ta koma ciki. Mama ba ta juyo ba, amma ta ce, "Je ki taga. Ki gaya mini in ya fito."

Auta ta je ta kafa goshi a ƙarfe. Ta ɗaga kyamarar kamar yadda ta saba, ta leƙa, ta sauke, ta duba da idonta. Rumfar jiran mota cike take. Masu farar riga sun fi biyar, kusan kowa da jaka. Mota ta tsaya, mutane suka dunƙule a bakin ƙofarta.

"Ya hau?"

"Ina jin ya hau."

"Kina ji ko kin gani? Ya waigo? Ya ɗaga mana hannu?"

Wani hannu ya ɗaga a cikin taron, ko na mai sallama ne ko na mai tsayar da wata motar, ba ta iya cewa ba. Motar ta ja ta shige bayan shagon aski.

"Ban gani ba, Mama."

Can Mama ta yi ɗan tari ta ce kafaɗarta ta gaji, a zo a juya ta. Auta ta rataye kyamarar a ƙusar da ke bayan ƙofar fita, ta naɗe hannun riga, ta je.